Wa ya ce Talis ne ya fara falsafa, kuma daga bakin wa muka ji?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina maka fatan alheri kai da abokan aikinka. Na rubuto ne kan wani rubutu da kuka buga a shafin ilimi inda marubucin ya kawo tarihin falsafa a taƙaice don amfanin ɗalibai, Allah Ya saka masa da alheri don ba kowa ke damuwa ya rubuta irin wannan da Hausa ba. Amma akwai jimla guda da ta tsaya min a rai, inda ya ce falsafa a ƙasar Girka ta fara, kuma Thales, wato Talis, shi ne mutum na farko a duniya da ya yi falsafa, wai kafin shi mutane ba su san komai ba sai tatsuniya. Ba shi kaɗai ke faɗin haka ba, ita ce dai maganar da ke cikin handawut ɗin da ake sayar wa 'yan aji ɗaya a jami'o'i da kwalejoji a kwas ɗin nan na GST da kowa sai ya yi, ko injiniya kake karantawa ko aikin gona, yaro ya haddace ya zuba a jarabawa ya ci makinsa ya wuce, shikenan ta zauna masa a kai har tsufa.

Ni malamin sakandare ne a nan Bauchi, kuma na zauna a zaure gaban malamai kafin boko, to abu na farko da aka cusa mana shi ne in an kawo maka magana ka tambayi isnadinta. Wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun haɗu ko ba su haɗu ba. Ban ga dalilin da zai sa mu tsananta haka a kan hadisi da tarihin magabata, amma in magana ta zo cikin littafin Turanci mu haɗiye ba tauna ba.

To mu duba isnadin Talis. Mutumin Miletus ne, wani birnin Girkawa na bakin teku wanda kangonsa yanzu yana yammacin Turkiyya, ya rayu wajen shekara ta 624 zuwa 546 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba mu da ko layi ɗaya da ya rubuta da hannunsa. Duk abin da ake faɗi a kansa wasu ne suka faɗa bayan ya daɗe a ƙasa. Masanin tarihi Herodotus ya ce ya yi hasashen husufin rana da ya tsayar da yaƙi tsakanin mutanen Lidiya da Mediya, masana taurari na yanzu suka lissafa suka ce ranar 28 ga Mayu, 585 ce, duk da har yau ana gardamar ta yaya zai iya wannan lissafin da ilimin zamaninsa. Aflatun, wato Plato, ya kawo labarin cewa Talis yana tafe yana kallon taurari ya faɗa rijiya, wata kuyanga ta yi masa dariya ta ce yana son sanin abin da ke sama alhali bai ga na gaban ƙafarsa ba. An kuma ce ya je Masar ya auna tsayin dala ta hanyar inuwarta. Amma wanda ya naɗa masa rawanin nan da muke magana a kai shi ne Aristotle, Arisɗo na littattafan malamanmu, shi kuma an haife shi a 384, wato sama da shekara 160 bayan mutuwar Talis. Bai gan shi ba, bai ga wanda ya gan shi ba. Da hadisi ne da tuni malamai sun ce akwai yankewa a tsakani.

Kuma shi kansa Arisɗo, mu yi masa adalci, bai faɗi abin da ake jingina masa ba. Yana bin tarihin waɗanda suka nemi asalin abubuwa a cikin wani abu na zahiri ne, sai ya ce Talis ne ya kafa wannan irin falsafar, ya ce asalin komai ruwa ne. Wannan irin fa ya ce. Da ya zo kawo dalilin Talis ma cewa ya yi watakila ya ga abincin komai yana da danshi ne, kuma irin kowane abu yana da laima. Watakila. Shi da ya fi mu kusa da lamarin ya yi taka-tsantsan, mu da muka zo bayan shekara sama da 2300 muka mayar da ita yankakkiyar magana da ake cire wa yaro maki in ya saɓa.

Ba wai ina rage wa Talis daraja ba ne, a'a, ni ina ganin akwai babban abu da ya faru a Miletus, amma ba maganar ruwan ba ce. Maganar ruwa tsohuwa ce, Misirawa na da labarin cewa duniya daga wani ruwan farko ta ɓullo wanda suke kira Nun, mutanen Babila ma labarin halittarsu da ruwa biyu ya buɗe, na daɗi da na gishiri, kuma Miletus gari ne na fatake da jiragen ruwa, kaya na shigowa labari na shigowa. Abin da ya burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Talis ya ce ƙasa tana yawo ne a kan ruwa kamar gungume. Sai Anaximander, ɗan garinsu wanda ake cewa almajirinsa ne, ya ƙi yarda, ya ce ƙasa ba ta kan komai, tana tsaye ne a tsakiya saboda nisanta da kowane ɓangare daidai yake, ba ta da dalilin karkata nan ko can, kuma asalin abubuwa ba zai zama ruwa ba, wani abu ne mara iyaka. Sai Anaximenes ya zo bayansa ya ce a'a iska ce, in ta cure ta zama gajimare ta zama ruwa ta zama ƙasa ta zama dutse, in ta sake ta zama wuta. Mutum uku a gari ɗaya, kowa ya saɓa wa na gabansa da hujja, ba a kore shi ba, ba a ce ya yi rashin kunya ba. Wannan kam abin koyi ne kuma ya kamata a koya wa yaranmu shi fiye da sunan da shekarar.

Wani abin da handawut ba ya faɗa, shi dai Arisɗon nan ya ruwaito cewa Talis yana ganin komai cike yake da alloli, har ya ce dutsen maganaɗisu yana da rai tunda yana motsa ƙarfe. To ina maganar cewa falsafa ta fara ne ranar da mutum ya ajiye addini ya ɗauki hankali? Wannan karatun mutanen Turai ne na baya-bayan nan suka ɗora wa mutumin, shi bai san da shi ba.

Abin da nake cewa, Malam Edita, Talis na farko ne a jerin Girkawa. Jerin sarakunan Bauchi daga Malam Yakubu muke fara ƙirgawa kuma daidai ne, amma ba wanda zai tashi ya ce kafin Yakubu ba a san sarauta ba a Kano ko Borno. Arisɗo salsalar gidansu yake kawowa, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, laifin namu ne da muka ɗauki salsalar gida ɗaya muka ce ta 'yan Adam ce baki ɗaya.

Su kansu Girkawan ba su haɗu a kan haka ba. Diogenes Laertius, wanda ya tara tarihin masu falsafa wajen ƙarni na 3 miladiyya, da wannan gardamar ya buɗe littafinsa, ya ce wasu na cewa daga baƙi aka fara, daga majusawan Farisa da mutanen Babila da masu zuhudun Indiya da Misirawa, sannan shi ya zaɓi ya ce Girkawa ne. Kun ga ke nan tun lokacin magana ce mai saɓani. Wasu ma Pythagoras suke ba, don an ruwaito shi ya fara kiran kansa mai falsafa. Arisɗo kuma da bakinsa ya ce ilimin lissafi a Masar aka kafa shi saboda malaman addininsu sun samu sararin zama su yi tunani.

Malaman Musulunci ma da suka gaji littattafan nan ba haka suka ba da labarin ba. Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya kawo cewa an ce wannan ilimin yana wajen Kaldiyawa mutanen Iraƙi tun da, daga nan ya koma Masar, daga Masar ya je ga Girkawa, daga su ya je ga Suryaniyawa sannan Larabawa. Abul Hasan Al'amiri, wanda ya rasu a 992, shi kuma cewa ya yi wanda aka fara siffantawa da hikima shi ne Luƙman, a zamanin Annabi Dawud (AS), kuma wai Empedocles na Girka a wajensa ya ɗauka. Wannan ma in muka sa mata ma'aunin isnadi ba za ta tsaya ba, tazarar shekarun ta yi yawa, ba zan kare ta don ta yi min daɗi ba. Amma ta nuna cewa malamanmu ba su ɗauki tunani a matsayin gadon wata ƙabila ba, kuma duk wanda ya zauna tafsirin watan azumi ya ji an kawo daga magabata cewa Luƙman baƙar fata ne, wasu suka ce Bahabashe wasu suka ce mutumin Nuba, ga sura guda da sunansa a Alƙur'ani.

Sai Masar ɗin kanta. Akwai nasihohin da ake jingina wa Ptahhotep, waziri ne na Fir'auna Isesi wajen shekara ta 2400 kafin Annabi Isa, kwafin da ya fi tsufa kuma cikakke yana ɗakin karatu na ƙasa a Faris, an rubuta shi ɗaruruwan shekaru bayan wazirin amma duk da haka ya girmi Talis da shekara sama da 1000. A ciki dattijon yana ce wa ɗansa kada ya yi girman kai da iliminsa, ya nemi shawarar jahili kamar yadda yake neman ta masani, don magana mai kyau ta fi dutse mai daraja ɓuya amma ana samun ta wajen kuyangi a bakin dutsen niƙa. Wani zai ce ai wannan wa'azi ne ba falsafa ba, babu kafa hujja babu rushe ta. Na ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma in tambayar yaya ya kamata mutum ya rayu ba falsafa ba ce, to sai a cire rabin abin da ake karantarwa da sunan Sokratis da Konfushiyos na ƙasar Sin.

To mu ma bar Masar, mu ɗauki ma'aunin nan mai tsauri na hujja da mayar da martani mu je Indiya. A cikin tsofaffin littattafansu da ake kira Upanishad, waɗanda masana da yawa ke sa mafi tsufansu a ƙarni na 7 ko na 6 kafin Annabi Isa, wato ko sun riga Talis ko sa'anninsa ne, akwai muhawara a fadar wani sarki Janaka. Malamai sun taru suna yi wa wani babban masani Yajnavalkya tambayoyi, sai wata mace mai suna Gargi ta miƙe ta ce masa, tunda duk duniyar nan a kan ruwa aka saƙa ta, shi ruwan a kan me aka saƙa shi? Ya ce a kan iska. Ta ce iskar fa? Ya ba ta amsa, ta sake tambaya, ya amsa, ta sake, tana hawa mataki-mataki har ya ce mata kada ta wuce gona da iri a tambaya kar kanta ya faɗi. Ku duba fa, tambayar nan da aka yi wa ruwan Talis a Girka ita ce wannan baiwar Allah ta yi, a wata ƙasa mai nisa, da wani harshe, kuma nata zancen an adana shi da yadda ta jera shi, na Talis kuwa sai ji daga wani. A wani littafin nasu wani uba Uddalaka ya sa ɗansa ya zuba gishiri a ruwa ya bar shi ya kwana, da safe ya ce ɗauko gishirin, yaro ya laluba babu, ya ce kurɓi ta sama, kurɓi ta tsakiya, kurɓi ta ƙasa, ko'ina gishiri, ya ce to haka asalin abubuwa yake, ba ka ganinsa amma yana nan. Ba aƙidarsu nake tallatawa ba, ni Musulmi ne, amma wannan kafa hujja ce da gwaji, ba wanda zai kira ta tatsuniya.

A nan dole in ja hankalin 'yan'uwana matasa da ke ɗaya ɓangaren, masu yaɗawa a Facebook da WhatsApp cewa Girkawa sata kawai suka yi, wai Arisɗo ya bi rundunar sarki Iskandar ya kwashe littattafan ɗakin karatun Iskandariyya ya sa sunansa. Wannan daga wani littafi ne na George James na 1954, kuma ba ta tsayuwa, don Arisɗo ya mutu a 322, ɗakin karatun kuwa sai bayan mutuwarsa sarakunan gidan Ptolemy suka gina shi. Ba a gyara ƙarya da ƙarya. Girkawa sun koya daga maƙwabtansu kamar kowa, sun kuma yi aikin kansu mai girma, duka biyun gaskiya ne.

Wani zai ce to mene ne abin ɗaga hankali, Talis ko wani, me ya shafi farashin masara a kasuwar Muda Lawal. Wallahi ya shafe mu, don ina ganin abin da jimlar nan ke haifarwa. Yaran da na koyar suna dawowa hutu kashi biyu. Kashi ɗaya sun ɗauka tunani mai zurfi kayan Bature ne, mu namu haddace ne da bi, har ka ji yaro yana raina malamin zauren da ya koya masa alwala. Ɗaya kashin kuma da sun ji an ce falsafa ta fara ne da barin addini sai su ce to kafirci ce, a yi don a ci jarabawa a tuba. Wata 'yar maƙwabcinmu ta zo gaishe da maiɗakina tana shirin jarabawa, handawut ɗin a hannunta duk ta ja layi da jan biro, tana karantawa tana rufe ido tana maimaitawa, Talis ruwa, Anaximenes iska, Heraclitus wuta. Na ce mata 'yata, me ya sa na biyun bai yarda da na farkon ba? Ta ɗago ta ce Baba ai ba a tambayar wannan, cike gurbi ne. Sai ta sassauta murya ta ce ita dama tsoron kwas ɗin take yi, an ce yana taɓa imani. Yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa ce, ta sauke Alƙur'ani, ta san Iziyya, amma an ba ta darasin da ya kamata ya koya mata tambaya a matsayin jerin sunaye uku.

Alhali abin yana cikin gidanmu. Alkindi a Bagadaza a ƙarni na 9 ya ce bai kamata mu ji kunyar karɓar gaskiya daga duk inda ta zo ba ko daga al'ummai na nesa ne. Imam Gazali da ake kafa hujja da shi wajen haramta falsafa, ai mas'ala 20 ya ɗauka ya yi wa masu falsafa raddi a kansu, a 3 kaɗai ya kafirta su, cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna, kuma da makaminsu na manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, ya yaƙe su, har ya gargaɗi mai son addini da jahilci da zai musa lissafin husufi da sunan kare Musulunci, ya ce ɓarnarsa ga addini babba ce. Ibn Rushd ya zo daga Andalus ya yi masa raddi shi ma. Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa ya kare ilimin manɗiƙi a musayar baitoci da Imam Suyuɗi wanda ke hana shi. Sullam na Ahlari, littafin manɗiƙi da ake karantawa a zaurukanmu, matashi ɗan shekara 21 ya tsara shi a shekara ta 941 hijiriyya, kuma a ciki shi da kansa ya kawo saɓanin, Ibn Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a sani, ya ce maganar da ta inganta ita ce ya halatta ga mai cikakkiyar basira da ya san Alƙur'ani da sunna. Duk wanda ya karanta littafin tauhidin nan Ummul Barahin ta Sanusi ya san da me aka buɗe, hukuncin hankali kashi uku, wajibi da mustahili da ja'izi, kafin a kawo siffar Allah ko ɗaya sai an gaya maka me hankali ke tabbatarwa me yake korewa. Ga kuma Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya rasu a 1864, ya zauna a Salame ya yi rubuce-rubuce a kan falsafa da hikima. Ɗalibi nawa ne a Bauchi da Gombe suka taɓa jin sunansa a ajin GST?

Ba cewa nake a cire Talis a sa ɗan Tafa ko Luƙman a gurbin ba, in aka yi haka an canja sunan da za a haddace ne kawai. Roƙona ga malamanmu masu koyar da kwas ɗin nan, in kun zo wannan babin ku gaya wa ɗalibai wa ya ce Talis ne, yaushe ya faɗa, da wane ma'auni, ku kawo musu Gargi da Ptahhotep da maganar Alfarabi, sannan a jarabawa ku bar su su zaɓi wanda suke ganin ya cancanta su kare zaɓinsu a shafi ɗaya. Na san aji ɗaya yana ɗaukar ɗaruruwan ɗalibai kuma duba irin wannan takardar wahala ce, albashi ma ba ya isa, amma ko tambaya ɗaya ce a cikin goma a yi ta haka.

Kai kuma Malam Edita ina roƙon ka buɗe fili a shafin nan, ka gayyato malaman jami'a masu wannan fanni da malaman zaure masu karantar da Sullam da Sanusi, akwai su a nan Bauchi da Azare da Misau da Gombe, kowa ya rubuto da Hausa, wanda ya ga kuskure a maganar wani ya mayar masa da hujja. Marubucin da na yi wa wannan gyaran ma ina fatan ya ba ni amsa a nan, in yana da nassin da ya nuna Arisɗo ya ce Talis ne na farko a duniya baki ɗaya ya kawo mana shi mu gani.

Wassalam.

Naka,
Malamin sakandare,
Unguwar Jahun, Bauchi.